Ranar da Ladabi Ya Kusa Kai Na'urata Bola

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a, a harabar Kongo, wani kamfani a ƙasar waje ya sanar da cewa zai fito da sabuwar na'urar fimbol, kuma sanarwar nan saura ƙiris ta raba ni da tawa tsohuwar. Na san da yawa cikin masu bibiyata a nan ba su taɓa ganin fimbol ido da ido ba, saboda haka bari in fara da ita.

Akwati ne dogo mai ƙafa huɗu, an rufe samansa da gilashi, cikinsa a ɗan karkace. Akwai ƙwallon ƙarfe, ta ɗan fi ta boris girma. Za ka ja wata sanda mai sifirin ka sake ta, ƙwallon ta haura can sama, ta fara gangarowa tana karo da turaku, fitilu suna walƙiya, ƙararrawa tana bugawa, maki yana hawa a allon da ke tsaye a gabanka. Can ƙasa akwai rami, a bakin ramin kuma akwai 'yan fukafukai biyu da kake kaɗawa da madannai a gefen akwatin. Aikinka ɗaya ne, kada ka bari ƙwallon ta faɗa ramin. Shi ke nan wasan. Amma ni na ga duniya a cikinsa.

Tamu ta gado ce. Kakana akawu ne a ma'aikatar jirgin ƙasa, kuma lokacin da aka rufe wani kulob na ma'aikata aka yi gwanjon kayansa, sai aka ga ya dawo gidanmu na unguwar Kusfa, cikin birni, da wannan akwati a kan amalanke. Ba wanda ya san dalilinsa. Bayan rasuwarsa aka tura ta wani ɗaki da ke gefen soro na biyu, aka riƙa jibga mata tsofaffin tabarmi da buhunan da ba a san inda za a kai su ba. Ni kuwa tun ina ƙarami nake neman lungun da ba kowa in ɓuya da littafi. A can na same ta. Na share ƙurar allon da hannun rigata, sai ga hoton jirgin ruwa a tsakiyar teku, launinsa ya koɗe amma yana nan.

Na daɗe ina gyaran ta, tun daga sakandare har na shiga jami'a. Na karanta duk abin da na samu a intanet, na koyi liƙa waya da dalma, na riƙa zuwa Sabon Gari neman ƙananan ƙwayayen fitila da robobi. Ɓeraye sun ci wayoyi da yawa, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya. Abu guda kawai na bari ban taɓa ba, wato bakin da ake jefa kuɗi a ƙofar gaba, don tsatsa ta cinye shi. Sai na haɗa wata waya da ɗan madanni, in na danna wasa ya fara, ba sai da kuɗi ba.

Mai gidanmu wan mahaifina ne, muna ce masa Baba Malam. Tsohon alƙali ne, da ya yi ritaya ya dawo zaure yana ba da karatu da safe da kuma bayan magariba. Ba mafaɗaci ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya sa ake tsoronsa. Ya san ina taɓe-taɓe a ɗakin soro, amma a zatonsa wani irin tsohon rediyo ne. Ni ma ban gyara masa zaton ba. Na cusa tsummoki a cikin ƙararrawar don kada ta yi ƙara, kuma ba na kunna ta sai ya fita. In kun ce wannan tsoro ne, ba zan yi musu ba. Ni a lokacin ina kiransa ladabi.

Ranar da sanarwar ta fito ina zaune a gindin wata dalbejiya a Kongo ina jiran lacca ta gaba. Akwai wani dandali na masu son fimbol da nake leƙawa, mutanen ƙasashe daban-daban, ban taɓa rubuta ko harafi a cikinsa ba, karatu kawai nake yi. Sai na ga an sa bidiyon sabuwar na'ura. An gina ta ne a kan wani fim na zane da na kalla ina yaro, labarin ayarin fatake masu ratsa hamada. Kamfanin ya karɓi lasisi daga masu fim ɗin, wato izinin yin amfani da labarinsu da hotunansu da muryoyinsu.

Ban san yadda zan kwatanta muku kyanta ba. An yi hanyar ƙwallon kamar tudun rairayi, ta hau ta lanƙwasa ta sauko ba tare da ta yi tuntuɓe ba. A tsakiya akwai raƙumi da ke sunkuyar da wuya ya haɗiye ƙwallon, ya ɗan tauna, ya tofo ta ta wani gefe. Akwai rijiya, in ƙwallon ta faɗa ciki sai ka ji ƙarar guga, can sai ta ɓullo a wani wuri da ba ka zata ba. Fitilun kuma ba walƙiya kawai suke yi ba, suna bin lokaci, wasa ya fara da hasken asuba, ya kai zafin rana, in ka daɗe ba ka faɗi ba sai sararin ya yi ja kamar almuru. Wanda ya tsara ta ya san hamada ba rairayi ba ne kawai, tafiya ce da ƙishirwa da jira. Na kalla, na sake, na sake. Laccar nan ban san an shiga ba.

Abokina, wani ɗan Ƙofar Jatau da muke aji ɗaya, ya fito ya same ni a wurin. Na kama shi na shiga yi masa bayanin wuyan raƙumin, yadda na tabbata ƙaramin inji ɗaya ne ke juya shi, da yadda suka ɓoye shi a ƙarƙashin siffar kaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce tun da ya san ni bai taɓa jin na haɗa jimla uku a jere ba, yau ga ni ina yi wa akwati kirari kamar maroƙi ya ga ango. Ya ce in da rabin wannan bakin nake gaida 'yan matan ajinmu, da tuni an kai goro gidan wani.

A dandalin nan wasu suka fara gunaguni, wai tsadar ta yi yawa, wai lasisin ne ya cinye kuɗin da ya kamata a zuba a wasan. A ranar na yi rubutuna na farko a can, na kare na'urar da ban taɓa gani ba kuma na san ba zan iya saye ba, kamar 'yar uwata aka zaga. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙarshen bidiyon. Ɗaki ya yi duhu, hannu ya jefa tsabar kuɗi a bakin ƙofar, aka ji ta gangara ta faɗa, sai fitilun suka fara farkawa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa har sama. Na dawo gida na tsaya ina kallon tawa da ɗan madannin nan nawa mai reto a jikin waya, sai na ji kamar babbar riga ce aka ɗinka aka manta aikin wuya.

Ga inda halina ya ja min. Ba na iya barin abu a rabi in na gane rabi ne. Na cire bakin kuɗin, na jiƙa shi a kananzir, na goge tsatsar da tsohon buroshin haƙori, na sauya sifirin, na daidaita har ya koma kamar ranar da ya bar kamfani. Sai matsalar tsaba. An yi bakin ne daidai girman tsohon sule, irin wanda aka daina kashewa tun kafin a haife ni. Mutum ɗaya na sani da ba ta zubar da komai, kakata, mahaifiyar Baba Malam da mahaifina.

Duk gidan nan ita kaɗai nake iya buɗe baki a gabanta, don tsakanin jika da kaka ba kunya, sai tsokana. Mijinta take kirana. Da na roƙe ta ta jawo wani gwangwanin alawa daga ƙarƙashin gado, ta tona cikin tsakiyoyi da allurai, ta ciro sule ɗaya.

"Ka ga mijin zamani," in ji ta. "Cefane bai kawo ba, ya zo karɓar sadakin da wani ya biya. Aro ne, ka dawo min da abina."

Na jefa sulen, na ji ya gangara ya faɗa, fitilu suka kama. Ba su yi kyan na bidiyon ba, amma sun farka. Murna ta ɗebe ni har na zare tsummokin da ke cikin ƙararrawar, na ce yau sai na ji muryarta ta gaskiya.

Wata Asabar da hantsi Baba Malam ya tafi ɗaurin aure, na kira abokina ya zo ya gani. Muna cikin yi, ƙararrawa tana tashi har waje, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo neman Malam. Bai same shi a zaure ba, ya biyo ƙarar. Abin da ya tarar shi ne ni a durƙushe ina jefa kuɗi a bakin akwati mai fitilu, abokina kuma yana dariya yana cewa wannan karon sai ya rama cin da na yi masa. Dattijon ya yi sallama, muka gaishe shi, ya tambayi Malam, ya dubi akwatin sama da ƙasa, ya ce Allah ya yi mana albarka, ya fita. Abokina ya ce mutumin kirki ne. Ni da na san halin dattawan unguwarmu, na san magana ba ta ƙare ba.

Bai je ya faɗa wa Baba Malam kai tsaye ba, ba a haka a wurinmu. A majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar ya ɗauko labarin ƙuruciyarsa, lokacin da ya yi aiki a Sabon Gari, yadda ya ga kalokalo, na'urar cacar nan da ake jefa wa kuɗi a ja hannu, ta cinye albashin magidanta ta raba su da iyalinsu. Ya rufe da cewa bai taɓa zaton zai sake jin ƙararrawar nan a cikin ganuwa ba, balle a gidan da ake buɗe littafi. Bai ambaci gida ba. Kowa ya gane.

Baba Malam bai kira ni ba. Ya yi wa mahaifina magana, mahaifina ya yi wa mahaifiyata, ita kuma ta faɗa min tana tsince shinkafa ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce an yi magana da 'yan jari-bola, Asabar mai zuwa za su zo su ɗauki akwatin, in akwai littafina a ɗakin in kwashe. Ta ce ita ta san ba caca nake yi ba, amma sunan gida ya fi akwati. Mahaifina kuwa, duk da a ofis mutane ke tashi tsaye in ya shigo, bai taɓa mayar wa wansa magana ba, kuma ba a kan kayan wasa zai fara ba.

Na san abin da 'yan jari-bola ke yi wa irin wannan. Guduma za su sa, su ware ƙarfe gefe, tagulla gefe, katakon a hura wuta. Na shirya jawabi a kaina, mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa. Na je zaure na durƙusa na gaida Baba Malam. Ya amsa, ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaya ko akwai magana. Na ce babu, Baba. Na tashi na fita. Washegari na sake komawa, jawabin ya ƙara kyau, na sake cewa babu.

Kakata ce ta lura na bar furar da take aje min. Ta aika a kira ni, wai in kawo mata sulenta tun da ta ji an ce na buɗe gidan caca ban sa ta a hannun jari ba. Na zauna na faɗa mata komai. Ta ce ai akwatin nan ba na gida ba ne, nata ne. Lokacin rabon gadon kakana ba wanda ya so shi, sai aka yi masa ƙima aka cika mata tumuninta da shi, kuma wanda ya yi rabon da hannunsa shi ne mai zauren. Haka take kiransa, don ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana fuska da fuska. Ta ce in je in ce tana kira.

Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango. Sai ta juyo gare ni, kamar shi ba ya wurin.

"Kai mijina, tambayi alƙalin garinku, tun yaushe ake sayar da kayan mutum yana raye ba a tambaye shi ba?"

Na tsaya ina neman yadda zan isar da wannan saƙo. Shi ya taimake ni. Ya ce ya ji, kuma gaskiya ce, ya manta, yana neman afuwa. Amma ko kayan waye, ba zai iya kwana da na'urar caca a gidan da yake riƙe da shi ba. Ta sake dubana ta ce in tambaye shi, da idonsa ya ga cacar ko labari aka kawo masa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana korar ƙarar da ba ta da shaida, ga shi an tambaye shi shaida. Ya ce gobe bayan la'asar zai zo ya gani da kansa, abin da ya gani shi zai yi aiki da shi.

Allah ya taimaka akwai wuta a ranar. Baba Malam ya shigo ɗakin soro, mahaifina a bayansa, kakata ta sa aka aje mata kujera 'yar tsuguno a bakin ƙofa, wai ta zo gadin dukiyarta. Ya fara da kuɗin. Ya tambaya ina suke zuwa in an jefa. Na buɗe ƙofar gaba na nuna masa ɗan akwatin da suke faɗawa, sule ɗaya ne tal a ciki, na kakata, shi nake ɗaukowa in sake jefawa. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce wannan ko ƙuli-ƙuli ba zai saya ba yanzu. Ya tambaya ta ina take biyan wanda ya ci. Na ce ba ta biya. Bai ɗauki maganata ba, ya bi jikinta da hannu ta ko'ina, har ya tattare riga ya leƙa ƙarƙashi, bai sami kafar da kuɗi za su fito ba.

Sai ya ce saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Ko da ita ba ta biya, in wasan na sa'a ne, gobe wasu za su tsaya a kanta su sa kuɗi tsakaninsu. Yadda za a gane kuwa mai sauƙi ne. In sa'a ce, wanda ya saba da wanda bai taɓa yi ba duk ɗaya ne. Ya naɗe hannayen babbar rigarsa a kafaɗa ya ce in nuna masa inda ake dannawa.

Ban taɓa zaton zan ga wannan rana ba. Ya ja sandar, ƙwallon ta haura, ta gangaro, ta wuce tsakanin fukafukan, sannan ya danna. Ta biyu ma haka, sai da ta shige ramin ya kaɗa mata fukafukai kamar mai yi wa baƙo bankwana. Ta ƙarshe ta ɗan yi karo da turaku, ya samu ya doke ta sau ɗaya. Mahaifina ya kafa wa rufin ɗakin ido. Baba Malam ya dubi ɗan makin da ya samu, ya matsa gefe ya ce, to, kai.

Na tsaya a gaban na'urar, sai wani tunani ya zo min. A gidanmu ko tafiya ake yi ba a wuce Baba Malam. In yana zaune ba a tsayawa a kansa, in ya sa hannu a akushi ba a riga shi cirewa. Yanzu ni zan ninka makinsa sau ba adadi, a gaban ƙaninsa, a gaban mahaifiyarsa? Hannuna ya yanke hukunci kafin kaina. Na bar ta farko ta zame. Ta biyu na ɗan taɓa ta don kada abin ya fito fili. Ta ƙarshe na lissafa ta da kyau, na sake ta daidai lokacin da makina ya tsaya kaɗan a ƙasa da nasa. Har wani ɗan daɗi na ji a raina, don ba ƙaramar gwaninta ba ce ka faɗi daidai inda kake so.

Baba Malam ya dubi allon, ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce ni da na shekara da shekaru a kanta, shi da ya taɓa ta yau, ga shi mun yi kunnen doki, har ya ɗan fi ni. Ashe maƙwabcinmu bai yi ƙarya ba, sa'a ce tsagwaronta. Ya fara sauke hannayen rigarsa.

A lokacin ne na gane abin da na yi. Da hannuna na ba da shaida a kan kaina, kuma na tsara ta yadda ba ta da ɓaraka. Na ga guduma, na ga jirgin ruwan nan a tarwatse a kan amalanke.

"Wannan ba bugun mijina ba ne," in ji kakata daga bakin ƙofa, tana magana da iska. Ta ce ɗakinta bango ɗaya ne da nan, ko lokacin da ake toshe ƙararrawar da tsumma tana jin ƙwas-ƙwas ɗin abin, kuma in na fara takan ja carbinta ta zagayo ban faɗi ba. Ashe duk ɓoyon da nake yi, ita tana da labari.

Baba Malam ya juyo ya dube ni. Ya tambaya ko da gangan na bari ta faɗa. Na sunkuyar da kai. Ya ce lokacin da yake kan kujera ba maƙaryaci ne ya fi ba shi tsoro ba, shi yana da alamu, ana kama shi. Wanda ya fi tsoro shi ne shaida mai kunya, wanda zai rage gaskiya don kada babba ya ji nauyi, ya bar alƙali ya yi zalunci da zuciya ɗaya.

"Ladabin da zai sa in yi kuskure ba ladabi ba ne," ya ce. "Jefa sulen. Sake."

Na sake. Da ƙararrawa ta fara bin juna sai na manta da wanda ke ɗakin. Na aika ƙwallon ta zagaya bayan jirgin, ta dawo, na tare ta a kan fiffiken dama na riƙe ta cak, ba ta motsi. Sai na ji muryarsa dab da kafaɗata yana tambaya ko tsayar da ita ma ana yi. Na ce ana yi. Ya nuna wani turke can sama da yatsa ya ce in kai ta can. Na kai ta. Ya nuna wata kafa a hagu, na kai ta. Ya nuna wata ƙarama a lungu, na kuskure, na ce masa wannan ko ni ba kullum nake samu ba. Ya ce haka maharbi ma yake, kuma wannan kuskuren ya fi gamsar da shi a kan sauran. Lambobin allon suka yi ta juyawa har ya ɗaga hannu ya ce ya isa, magariba na tafe.

Sannan ya yi tambayar da ban shirya mata ba. In na'urar tana yi ba kuɗi, me ya kai ni gyara bakin kuɗin? Na ciro wayata, na ce sai dai in nuna masa. Ya gyara tabarau ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya ce in mayar wurin raƙumin. Daga nan ban san yadda aka yi ba, na ji ina magana, ina bayanin rijiyar da fitilun da ke bin rana, ni da ban taɓa wuce gaisuwa a gabansa ba. Ya tambaya ko masu akwatin ne suka ƙirƙiri labarin. Na ce a'a, na wasu ne, izini suka nema, kuma masu labarin sai sun duba kowane hoto da kowace murya sun yarda kafin a fitar. Ya juya ga mahaifina ya ce ka ji, ashe su ma sun san izini. Ya ce shi bai taɓa karantar da littafi ba sai da malaminsa ya saurare shi daga farko har ƙarshe ya ce ya yarda. Ya ƙara kallon rijiyar, ya ce wanda ya yi wannan ya taɓa jin ƙishirwa.

Hukuncinsa bai zo min yadda na so duka ba. Ya ce akwati zai zauna. Amma bakin kuɗin a toshe shi, don abin da maƙwabcinmu ya gani, duk wanda ya leƙo shi zai gani, kuma ba laifinsa ba ne. Ba kunnawa lokacin salla ko karatu, ba sa ko ƙwayar goro a kanta. Kuma ni da ƙafata zan je in gayyato dattijon ya zo ya gani. Toshe bakin nan ya yi min ciwo, shi ne aikin da na fi alfahari da shi, kuma shi ne kaɗai inda tawa ta yi kama da sabuwar. Na samo jar fata a wurin dukawa na rufe shi da kyau, na mayar da ɗan madannina mai reto. Na kai wa kakata sulenta, ta karɓa ta ce miji ya dawo da sadaki, ke nan ta saku. Dattijon ma ya zo, ya kalla, ya ce to, ba kalokalo ba ce, amma ƙanwarta ce. Aka bar shi a haka.

Sabuwar na'urar ta fito daga baya, waɗanda suka saya suka yaba, wasu suka ce wuyan raƙumin yana maƙalewa in an daɗe ana yi. Har yau ban taɓa ta ba, ban ma san ko akwai ta a ƙasar nan ba, kuma har yau in na kalli bidiyon nan sai na ji abin da na ji a gindin dalbejiya. Ina ganin ba sai ka mallaki abu ba kafin ya yi maka amfani. Sabuwar na'urar nan ce ta sa na yi magana a gaban mutane karon farko, a dandalin can da kuma a ɗakin soro. Kunya kuwa ban rabu da ita ba, haka aka halicce ni, sai dai na koyi tambayar kaina, in na yi shiru, wa nake karewa kuma wa zan bari ya yi kuskure.

Kakata ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kafin nan ta ba ni akwatin kyauta a gaban shaidu, ta ce a gaya wa alƙalin garinmu ya riƙe a ransa, kada ya sake mantawa.

Shi kuwa Baba Malam, tun daga ranar yakan leƙo ɗakin soro jefi-jefi bayan la'asar, wai ya zo duba ko ana kiyaye sharaɗi. Zai taɓa jar fatar, ya ga tana nan, sannan ya ce tun da ya zo bari ya tabbatar har yanzu ba sa'a ba ce. Binciken nan bai ƙare ba har yau. Kwanan baya da na je gida muka yi, ya riƙe ƙwallon cak a fiffiken dama, ya aika ta lungun nan da ni ma nake kuskurewa, makinsa ya wuce nawa. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Da gangan?"

Na ce, "Wallahi a'a, Baba."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa shaidu. Sannan ya sauke hannayen rigarsa, ya fita yin alwala yana murmushi.